Motar da Ta Daina Durƙusawa

Fankama ciwo ce, kuma ba mai ita take fara kayarwa ba. Mutumin da ya rataye ransa a idon jama'a, ran da hannunsa ya gaza, bayan talaka yake nema ya taka don kada a ga ya rage tsawo. Manya suka ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa ban taɓa ganin wanda ya naɗa shi ya kwance lafiya ba. Ku ji abin da ya faru a ƙauyenmu Goth Warayo, can ƙasar Sindh, shekarar da gishiri ya cinye gonakin yamma da magudana.

Wata Litinin ce, cikin zafin nan mai narkar da kwalta. Mazan gari sun tafi jana'iza ƙauyen gaba. Da la'asar Sumar makiyayi ya koro ɓaunayen Wadero Dost Ali, maigarinmu, daga tafki. Ya duba, ya sake dubawa, babu Kunj. Karsana ce 'yar wata goma, baƙa wuluk, uwarta sau biyu tana cin gasar nono a kasuwar shekara. Wadero ya fi tambayar lafiyarta a kan ta jikokinsa. Ita ce kuma dabba ta uku da ta ɓace a garin tun girbin alkama.

Aka aika a kira Punhal mai bin sawu, irin wanda a wajenmu ake ce wa Peri. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, bai san baƙi ko ɗaya ba, amma ka ratsa ƙofar gidansa da safe, da yamma zai gaya maka abin da ka ɗauko a ka. Ya zo da sandarsa, ya ce kowa ya tsaya bayansa. Daga bakin tafki ya ɗauki sawu: an ja karsana da igiya, tana turjewa, mutum ɗaya a gabanta da takalmin taya, na hagu da faci mai ƙusa uku. Ya kifa kasko a kan sawun da ya fi fita. Ba a buƙaci ya yi magana ba. Kowa a garin ya san facin nan, takalmin Sumar ne.

A gaɓar magudana sawun ya yanke. Daga nan sai shatin taya mai faɗi, na irin manyan jif ɗin nan.

"Sawun giwa ya take na raƙumi," in ji Punhal.

"Wace giwa kuma? Ga ɓarawo a tsaye!" Rais Imdad ne ya faɗa, ɗan baffan Wadero, mai farin kaya da ba ya lanƙwasa don sitaci, da gashin baki mai sheƙin mai. "Ya kira 'yan fashin bakin kogi, ya miƙa musu, ya dawo yana mana kukan munafurci. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ku dubi yadda yake rawa!"

Punhal bai ɗago ba, ya fara da Sain, wato ranka ya daɗe, yadda muke kiran manya. "Sain, takalmin nasa ne. Ƙafar ba tasa ba ce. Sumar da yatsu yake tafiya, kamar duk wanda ya girma cikin taɓo. Wannan da dunduniya yake sara ƙasa, ƙafarsa ta dama tana kallon waje, takunsa gajere. Mutum ne da bai saba tafiya ba."

"To ƙafar wa ce?" in ji Wadero.

"Ban san ta ba, Sain."

Imdad ya tuntsure da dariya, ya juya wajen Wadero, wanda yake kira Ada, wato ɗan'uwa. "Shekara hamsin yana cin hatsinmu don ya san ƙafa, yau ya ce bai sani ba. Ada, tsohon nan gigi ya fara. A bar wa wuta ta yi shari'a."

Wadero ya shafa gemu, ya dubi Sumar kamar yadda ake duban kare mai ƙaiƙayi. "Juma'a bayan salla. In wuta ta wanke ka, shi ke nan. In ta kama ka, ka kwashi iyalinka ka bar min ƙasa, tukunyarka ma ba za ka fita da ita ba."

Kun san yadda ake yi. Rami mai tsawon taku bakwai, a cika shi da garwashi, wanda ake zargi ya ratsa ba takalmi, in ƙafa ta yi bororo shi ne ɓarawo. Punhal ya ga mutum tara sun taka a rayuwarsa. Huɗu a cikinsu ya san ƙafarsu ba ta taɓa zuwa inda aka ce ba, amma wuta ta ci su. Wuta ba ta da ido, nama kawai ta sani.

*

Da sassafe ya isa bukkar Sumar, ya tarar da shi yana sare bagaruwar da ke ƙofar gida, inuwarsu ɗaya tilo. Wanda ake zargi shi ke kawo itacen wutarsa, haka al'ada ta ce.

"Ina takalminka?"

"Ran Asabar na cire a ƙofar masallaci, Baba. Na fito babu."

"Ka gaya wa wa?"

Matarsa Sabhagi ce ta amsa daga bakin murhu, tana marin gurasar shinkafa kamar ita ta yi mata laifi. "Ya gaya wa wa? Ya je zauren Wadero ya ce an sace min tsohuwar taya? Ni ya gaya wa, ni kuwa shaidata ko kaza ba ta saya. Da tsakar rana ya kwanta ƙarƙashin inuwa, kamar yadda kowane ɗan Adam yake yi a zafin nan. Laifinsa ke nan. Baba, ka dubi ƙafar nan. Da ita muke ci. In ta ƙone, ko an ce ba shi ba ne, wa zai bi ɓauna cikin taɓo?"

Punhal ya dubi ƙafar. Faffaɗa, mai faso, yatsu a baje. Tun Sumar na yaro ya san ta, bai taɓa ganinta a hanyar da ba ta dace ba.

Sabhagi ta miƙo masa shayi. "Ajiye min shayin, Adi, 'yar'uwata," ya ce. "In na dawo da labari sai in sha."

*

Ya koma gaɓar magudana ya bi tayar. Shi mutumin kofato ne da tafin ƙafa, roba ba ta ce masa komai, duk iri ɗaya yake ganinta. Motar ta ƙi hanyar gari, ta yanka ta gonaki. Can gaba kaɗan ta haye tudun wata ƙaramar magudana, a nan ya tsuguna. Tayoyin baya sun nutse fiye da na gaba. A ƙwanƙolin tudun, tsakanin shatin biyu, wani ƙarfe ya karce laka, tsagi mai faɗin yatsa uku, ya ja kamar garma. Ya auna da kara, ya karya karan daidai, ya soke a rawaninsa. Daga nan motar ta hau kwalta, kwalta kuwa ba ta riƙe amanar kowa.

Mota mai irin wannan taya uku ce a duk yankin, farare, kamar uwa ɗaya ta haife su: ta Wadero, wadda ɗansa ke yawo da ita, da ta Haji Maula Bakhsh mai injin casar shinkafa, da ta Rais Imdad.

Ya fara da Haji, don an ce manyan motocinsa na zuwa bakin kogi. Ya same shi cikin ƙurar ƙaiƙayi yana wa leburori ihu.

"Ni? Karsana a motata? Peri, ka san nawa na sa aka ɗinka wa kujerun nan riga? Matata ma sai ta cire takalmi take shiga. Litinin ina Shikarpur wajen mai haƙori, ga ramin!" Ya wage baki. Ramin na nan, har da auduga.

Ɗan Wadero ya fi ba shi wahala. Yaron ya ce yana jana'iza, Punhal ya ce ƙafarka ba ta maƙabarta. Ya ce yana asibiti, Punhal ya ce da wa. Ran tsohon ya fara raya masa cewa biri ya yi kama da mutum. Sai yaron ya ja shi bayan rumbu, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, don girman Allah. Faɗan zakaru na je. Mutum ɗari sun gan ni, zakarana ma ya mutu. In mahaifina ya ji na bar jana'iza don zakara, ni zai jefa a ramin nan."

Ya tambaya a wurin masu zakaru, haka ne.

Rais Imdad ya karɓe shi a zaurensa mai daɓen siminti, ƙarƙashin fanka, ya sa aka kawo masa madara mai sanyi. Motar na cikin katanga, direbansa Nadir, wani ɗan birni da ya zo da bazara, yana miƙe a gadon igiya yana danna waya.

"Zazzaɓi ya kwantar da ni ran Litinin har la'asar, mota ko ƙofa ba ta leƙa ba," in ji Imdad. "Baba Punhal, ka tsufa, ka huta. Me ya haɗa ka da makiyayi? Ga sabon mayafi, naka ya mutu." Ya tura masa ajrak, mayafinmu mai zane, a naɗe. "Bukkar da kake ciki ma, in ban manta ba, a gonar mahaifina take, ta bakin magudana. Mu ba ma mantawa da mutanenmu."

Punhal ya shanye madarar, don ba a mayar da abin sha, ya bar mayafin inda yake. Ruwa ba ya tsami banza, amma tsami ba hujja ba ne.

*

Laraba ya hau bas zuwa Kandhkot, garejin Ustad Bachal, bakaniken da duk manyan yankin ke kai wa mota. Ya same shi rabin jiki ƙarƙashin wata akori-kura.

"A'a, Baba Peri! Yau kuma sawun mota ake bi? Gobe sai mu ji kana bin na jirgin sama."

"In ya sauka a gonata zan bi. Fito ka koya wa jahili." Ya zana masa tudun a ƙasa, ya nuna masa karan. "Farar jif irin ta manya, da karsana a baya, za ta ja gindi haka?"

Bachal ya goge hannu da tsumma. "Ko kusa. Waɗannan gwiwa gare su kamar raƙumi. Akwai famfo a ƙasansu, da mai, da wasu tulunan ƙarfe, kowace taya da nata. Ka danna maɓalli ta durƙusa, ka danna ta miƙe. Loda mata buhu huɗu a baya, kafin ka gama bisimilla ta daidaita kanta. In ta ga tudu kuwa, sai direba ya ɗaga ta, ta tsallake kamar mace ta tattare zane."

"To wadda ta ja fa?"

"Wannan an cire mata gwiwa. In suka tsufa, famfo ya mutu, tuluna suka saki, mota ta dinga tsalle kamar akuya. Sabbi daga waje ake kawo su, kuɗinsu ya sayi gona. Mai hankali sai ya ce a kwance su gaba ɗaya, a sa mata shokozoba da sifirin irin na kowa. Wallahi a hanyoyinmu hakan ma ya fi ƙarko, ni da tawa ce tuntuni na yi. Abu biyu kawai: ba ta ƙara durƙusawa, kuma in ka loda mata kaya sai ta zauna da baya kamar gajiyayyen jaki, balle in sifirin ɗin na hannu ne. Ƙugiyar jan kaya ta bayanta ce ta yi maka wannan tsagi. Daga waje kuwa, a tsaye, ko ni sai na leƙa ƙasa."

"Cikin ukun nan wa ka yi wa?"

Fara'ar bakaniken ta ɗauke. "Baba, sha shayi."

"Jibi za a sa mutum a wuta."

"An sa na dafa Alƙur'ani, ƙofar gareji a rufe. Ina da 'ya'ya. Me kake so in yi?"

"A kan shokozoba aka rantsar da kai? Abin da ka ce ba abin kunya ba ne?"

"Ga wanda motarsa abin hawa ce, ba abin kunya ba ne. Ga wanda ita ce rawaninsa fa?" Ya koma ƙarƙashin motar. Daga can ciki muryarsa ta fito: "Ni ban ce komai ba."

Punhal ya dawo da rabin gaskiya, rabin gaskiya kuwa ba ya kashe wuta. Talaka ba ya zuwa ya ce wa manya uku zai leƙa ƙarƙashin motarsu a kan zato. In ya nuna yatsa ya kuskure, a ramin nan su biyu za su shiga.

*

Alhamis da hantsi ya nufi hubbaren waliyyin da ke bayan gari. Ba bincike ya kai shi ba, dabara ce ta ƙare masa, ya je ya kai kuka. Amma idon mai bin sawu ko a masallaci ƙasa yake kallo.

Ya zaga ta baya, ƙofar mata, inda motocin matan kulle ke jingina da bango, barori su ja labule, a sauka a hau ba wanda ya gani. Ga shatin faffaɗar taya, sabo, na safiyar nan. Ga sawun tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana dogara sanda. Ya san shi, na Amma Wadi ne, mahaifiyar Rais Imdad, wadda ba ta fashin ziyara duk Alhamis. Shekarun baya garin nan ba wanda bai ji ba: Imdad ya sayi motar da ke durƙusa wa uwarsa. Har makaɗa sun sa a waƙa.

Sai dai sawun tsohuwar bai kai bakin mota ba. Saura taku ɗaya ya tsaya, a gaban wasu ƙananan ramuka huɗu masu kusurwa, biyu nan biyu can. Punhal ya tsuguna, ya sa yatsa. Ƙafafun kujera ne, 'yar tsugunno, an taka ta da nauyi. Ya duba gindin bango inda tsintsiya ba ta kaiwa: ga wasu ramukan, tsofaffi, kan wasu tsofaffi, har da waɗanda aka yi kafin ruwan da aka yi watanni uku baya. A gefen na yau kuwa, ga ƙafar wanda ya ajiye kujerar ya ɗauke. Takalmin birni ne, mai tsini. Amma dunduniya na sara ƙasa, ƙafar dama na kallon waje, taku gajere.

Ya daɗe a tsugune: motar da ke durƙusawa ba ta buƙatar kujera. Labule ya rufe idon maza, bai rufe na ƙasa ba. Ya cire kwanon shan ruwansa ya kifa a kai, ya roƙi mai sharar hubbaren kada tsintsiya ta zo nan sai bayan Juma'a.

*

Bayan salla gari ya taru a gaɓar magudana, inda sawu ya yanke. An haƙa rami, bagaruwar Sumar ta zama garwashi, zafinsa na dukan fuska daga nesa. Sumar ya yi alwala, yana tsaye ba takalmi. Manya na kan gadajen igiya, fararen motoci uku a jere bayansu.

Punhal ya fito tsakiya, ya ajiye sandarsa a gaban Wadero.

"Sain, shekara hamsin ban roƙe ka komai ba. Kafin talaka ya taka wuta, ina roƙon motocin nan uku su durƙusa."

Aka yi dariya. Haji ya ce, "In dai wannan ne zai sa a daina tambayata haƙori, bisimilla." Direbansa ya danna, mota ta yi huci ta sauka a hankali, ta sake miƙewa. Ɗan Wadero ya yi, tasu ta durƙusa. Ido ya koma kan Imdad.

"Motata ba ta durƙusa wa mai shinshinar kashin shanu."

Wadero ya juyo. "Ada Imdad, a bikin 'yata sau bakwai ka durƙusar da ita don makaɗa. Yau ni nake so in gani."

"Maɓallin ne ya lalace jiya."

"Jiya, Sain?" in ji Punhal. "Kujerar da ake takawa a hau ta ta fi wata uku tana huda ƙasa a ƙofar mata, bayan hubbare. Na kifa kwano a kai, a aika a gani."

Imdad ya miƙe zumbur, fuska ta yi ja. "Kai, ɗan talakan banza! Mahaifiyata za ka kawo cikin taron maza?"

"Kujera na ambata, Sain. Kujera ba ta kulle."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Imdad ya yi ta zagi, ya ce ko an canja wa mota ƙarfe, ina ruwan wannan da karsana. Punhal ya ce a kawo buhun shinkafa uku daga injin Haji, nauyin Kunj ke nan. Aka loda wa motar Haji, ta ɗan sunkuya, ta yi huci, ta daidaita, ta haye tudun ƙaramar magudana, cikinta ko ciyawa bai taɓa ba. Ta Wadero ma haka. Da aka zo ta Imdad, Nadir ya ce makulli ya ɓace. Wadero ya ce a lalube shi, makulli ya fito. Buhu na uku na sauka, motar ta zauna da baya, hancinta ya kalli sama. Direban Haji ya ja ta, tana hawa tudun kowa ya ji ƙarar ƙugiya na karce ƙasa. Punhal ya zaro karan daga rawaninsa, ya ɗora a sabon tsagi, ya ɗora a tsohon. Ba ragi, ba ƙari.

"Saura ƙafa," ya ce. Ya karɓi tsintsiya ya share ƙasa da hannunsa. "Ɗan birni, zo ka ratsa nan."

Nadir ya yi ƙoƙarin gyara tafiya, amma ƙafa ba ta koyon ƙarya a rana ɗaya. Taku uku, ta dama ta kalli waje. Aka ɗage kaskon bakin tafki, dattawa biyu suka je suka dawo suna gyaɗa kai.

"Ni ban taɓa ganin karsanar nan ba," in ji Nadir.

Wadero ya dubi ramin. "Wuta dai ta riga ta nuna, asara ce a bar ta. Cire takalminka."

Nan take ya zube. "Sain, ni bawa ne, abin da aka ce min na yi! Shi ya ce in ɗauke takalmin a masallaci. Shi ya riƙe wutsiya muka tura ta ciki. Dabbobin nan uku da suka ɓace, duk mu muka kai su bakin kogi. Auren ɗansa ne bayan girbi, ya riga ya gaya wa surukai motar amarya za ta durƙusa a ƙofarsu. Ya ce kafin ranar sai an mayar mata da gwiwarta, an ma aika Karachi a kawo. Gonarsa gishiri ya cinye, Sain, ni kaina wata biyu da alkawari ake biyana."

Gashin bakin nan na Imdad ya kwanta.

"Da ka zo ka ce min ka gaza, Ada," in ji Wadero, "da na ba ka aron tawa."

"Aro?" Imdad ya tofar da yawu. "In shiga ƙofar surukaina da motarka, duk Sindh ta ji?"

Ko a bakin rami, rawanin tsiyar bai sauka ba.

*

Kada ku ce talaka ya ci riba. Wadero ya sa aka yafa wa Sumar ajrak a kafaɗa, alamar an wanke shi, amma kalmar haƙuri ba ta fito daga bakin kowa ba, har waɗanda suka tofa masa yawu ran Litinin. Kafin mako ya zagayo an ba wani kiwon, wai makiyayin da ke barci ba ya riƙe karsanar gasa. Sabhagi ta zo da kwandon ƙarfe, ta kwara ruwa a ramin, ta kwashe gawayin a gaban manya. Wani ya ce me kike yi. Ta ce, "Itacenmu ne." Punhal ya sha shayinsa a gidansu, a rana, don inuwa babu. Kunj kuwa ta riga ta haye kogi, ba ta dawo ba.

Dattawa suka zauna a kan Rais Imdad, ga abin da ya fita daga hannunsa. Ɓauna tara, uku a madadin kowace ɗaya, shi kuwa huɗu suka rage masa, sai aka cike da gonar bakin magudana, ita kaɗai ce gishiri bai taɓa ba, har da bukkokin da ke kanta, ciki har da ta Punhal. Surukai suka mayar da zobe da kayan zaƙi a cikin keken jaki, da rana tsaka, ta tsakiyar kasuwa. Ɗansa ya tafi Karachi, ko sallama bai yi masa ba. Gadonsa na igiya da ke zauren Wadero aka fitar, yanzu in ya zo shari'a a ƙasa yake zama, kusa da takalma. Mahaifiyarsa ta ce ba ta ƙara hawa motar da ta ɗauki haram, ba ta kuma ƙara ce masa ɗana ba har ta koma ga Allah. Kayan da aka aika a kawo suka iso bayan wata guda, ba mai karɓa, dillali ya juya da su. Motar kuwa wani mai fataucin albasa ya saye ta a rabin daraja, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga shokozoba irin na kowa, ya ce madalla, dama irinta yake nema.